Kututturen da ke Ƙarƙashin Ruwa: Littafin Aikina a Bakin Tafkin Kainji

9 ga Nuwamba, 2024

Jiya bayan la'asar na iso garin kawuna. Na bar Birnin Kebbi da asuba, na bi ta Jega da Koko na sauka Yauri, wata motar ta kai ni Wara, sauran hanyar kuwa a bayan babur na yi ta, jaka a cinya, ƙura har cikin haƙora. Saboda halin tsaro da ake ciki ba zan ambaci sunan garin ba. Ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Ngaski, dutse a bayansa, ruwa a gabansa. Masallacin Juma'a ɗaya, makarantar firamare ɗaya, masu shayi biyu, sai kwata inda jirage ke tsayawa.

Na sha zuwa nan, amma zuwan baƙo: kwana biyu, a dafa mini giwan ruwa, in hau dutse in ɗauki hoton faɗuwar rana, in koma gida da kwalin banda. Wannan karon zama na zo yi, sai ruwa ya sauka ya sake hawa. Safiyo ne ni, shekara ashirin ina auna filayen mutane a kan tudu. Abin da ya kawo ni shi ne in zana taswirar kututturen da ke ƙarƙashin ruwa a kan hanyar da jiragen kasuwa ke bi daga kwatarmu zuwa tsakiyar tafki.

Lokacin da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya hau kan gonaki da garuruwa da daji. An sare wasu itatuwa kafin ya iso, amma da yawa a tsaye ya same su, kuma a tsaye suke har yau. Jirgi ya taho da gudu cike da mutane da buhuna ya hau kan ɗaya, katako ya tsage. Mutum sama da 40,000 aka tayar saboda wannan tafki, mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, tana cikinsu. Ƙauyen da aka haife ta yana nan gaban kwata, ruwa a kansa.

Kawu ya ba ni ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan simintin da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar, masu lanƙwasasshen rufi. Shi kansa a ɗakin ƙasa da ya gina daga gefe yake kwana. Ya ce: "Ɗana, yanzu da sanyi za ka ji daɗinsa. Bari bazara ta zo."

24 ga Nuwamba, 2024

Ba a taɓa ruwan nan sai da sanin Sarkin Ruwa, don haka Kawu ya kai ni gaisuwa da ƙwaryar goro. Tsoho ne ya haura tamanin, Basarke, kakanninsa daga ƙasar Kabi suka gangaro bin kifi, har yau harshensa bai saki can ba. Muka same shi a gindin ɗorawa yana gyaran koma, zare a baki.

Na durƙusa na ce: "Allah ya ja da ran Sarki." Na yi bayanin aikina, na nuna masa wayata da yadda take gane inda mutum yake tsaye. Ya saurara har na gama, sannan ya cire zaren daga baki ya ce: "Malam, wanga ruwa da kaka gani, gona ce. Ni na yi noma cikinta. Wayarka ta san inda tsamiyar kasuwa take?"

Na ce ba ta sani ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na zo wurinka.

Amsar ta yi masa. Ya sa aka kira ɗan Kawu, wanda shi ne matuƙina a wannan aiki, ya ce mu fito da kwalekwale gobe da sassafe.

Abin da ya nuna mini washegari ya sa na ƙara girmama mutanen ruwa. Ba sa tafiya da ka. Dutsen bayan gari yana da kai biyu, babba da ƙarami. In ka fita daga kwata, kana waiwayawa: muddin hasumiyar masallaci tana daidai tsakanin kawunan biyu, kana kan tsohuwar hanyar jakuna, wadda ba itace a kanta. Da zarar hasumiya ta karkata wajen ƙaramin kai, ka shiga tsohon kurmi. A makarantar safiyo an koya mana daidaita alama biyu a tsaye don a fitar da miƙaƙƙen layi. Shi wannan tsoho ba wanda ya koya masa a aji, kuma layinsa bai kauce ba.

A ranar na shafa farin fenti a jikin wani falalen dutse da ke gangarowa cikin ruwa, daidai inda ruwa ya tsaya. Wannan ita ce alamar cikar tafki a wurina. Kowace Juma'a zan auna nawa ya sauka daga nan, domin zurfin da aka auna ba a san ranarsa ba, ba shi da amfani.

19 ga Disamba, 2024

Hazo ya sauka kwana shida ke nan. Daga kwata ba a ganin dutse, balle hasumiya. Sararin sama da ruwa sun zama abu ɗaya fari fat, jirgi ya yi taku ɗari sai ya ɓace, ƙarar injinsa kaɗai ake ji. A nan na gane inda aikina zai yi rana: dabarar Sarkin Ruwa tana buƙatar ido ya ga dutse, kuma akwai makonni a shekara da dutsen ba ya ganuwa, ban da dare.

Ba mu fita ba, sai na zauna na koyi zaman gari. Da asuba sanyin ruwa yana ratsa bargo biyu. Inna, matar Kawu, tana dama kunun tsamiya kafin a fito masallaci, hayaƙin banda daga gidaje ya kwanta a kan gari bai tashi ba sai hantsi. Duk tufafina sun ɗauki ƙamshin kifi da itace. Mata suna shanya warangi, ƙananan kifin nan masu kamar ɗan yatsan jariri, a kan tabarmi da falalen dutse, yara na korar kaji da kara.

In ina son kiran iyalina a Birnin Kebbi sai na hau dutse, tafiyar minti ashirin, har wani gindin faru inda sabis yake kamawa. Da yamma wurin kamar dandali: matasa a zaune kan duwatsu kowa da waya a kunne. Cajin waya kuwa wurin wani yaro mai faifan sola ake kaiwa. Wannan yana ci mini rai. Madatsar da ta ci ƙauyen mahaifiyata an gina ta ne don wuta, injinanta takwas an tsara su ba da megawat 760, amma garin da ya bayar da gonakinsa da tocila yake shiga ɗaki.

21 ga Janairu, 2025

Baƙin ruwa ya iso. Mutumin tudu zai yi mamaki: wata uku ba a ga ɗigon sama ba, rafuka sun ƙafe, amma tafki na nan a cike, alamar fentina ma ruwa na lasarta. Dalili shi ne Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan damunarmu ne da gulbin Sakkwato da na Rima da sauran rafuka ke kwasowa da laka, shi ya sa yake fari kamar kunu. Na biyu ruwan da aka yi ne can duwatsun Gini. Yana bi ta Mali ya bazu a manyan fadamun da ke can, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sai ya iso mana cikin hunturu garau, har yana yi wa ido baƙi-baƙi. Shi ke riƙe tafkin a cike har zuwa wajen Maris.

Yanzu ne lokacin aiki mai daɗi, don kututture suna can ƙasa, ba abin da zai taɓa jirgi. Ga yadda muke yi. Kwalekwale biyu, tsakaninsu igiya mai tsawon mita 30 da muka ɗaura wa duwatsu don ta nutse. Muna tuƙi a hankali gefe da gefe. In igiya ta sarƙe, mu tsaya, mu jawo juna har mu zo kan abin. Sai in saki wata igiyar mai ƙarfe a baki, wadda na ƙulla wa ƙulli a kowace mita, in ji inda ta dira a kan itacen, in kuma matsa gefe in ji inda ƙasa take. In danna waya ta riƙe wurin. Wayar takan yi kuskuren mita biyar ko kusa da haka, saboda haka kowane kututture sau uku nake ɗaukarsa. Ɗan Kawu da gaba yake lissafi, ni da mita, mun saba: in ya ce gaba huɗu, na san wajen mita bakwai yake nufi.

Kawu yana zaune a tsakiyar kwalekwale da malafa, kuma shi ne rabin aikin. Shekararsa goma sha uku aka tashe su. Igiya na sarƙewa zai dubi dutse, ya dubi gungun, wato tsibirin, da ke hannun hagu, ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Ƙiryar gonar liman ce." Ko ya ce: "Nan marke uku ne a jere, ku ja gaba kaɗan za ku ji sauran." Mu ja, mu ji su. Rannan ya faɗi abin da na rubuta da babban baƙi: "Kada ka wahalar da kanka neman kuka. Kuka ba ta da ƙashi, shekara kaɗan ta narke. Ƙirya ka nema, da marke, da tsamiya, da kaɗanya."

Haka abin yake. Itacen da ke nutse kullum iska ba ta samunsa, ruɓewarsa a hankali take. Rassan sama da ke fitowa duk shekara su sha rana su sake jiƙewa, su ne suka karye tuntuni. Abin da ya rage gungume ne mai tauri, kansa a daidai inda ruwa yake komawa in ya sauka. Tafkin nan yana sauka kusan mita 10 tsakanin cikarsa da ƙarshen janyewarsa. Ke nan itacen da yau yake da mita bakwai na ruwa a kansa, a watan Yuni taƙi biyu ne zai raba shi da cikin jirgi, kuma ba a ganinsa. Wanda ya fito fili ba ya kisa. Wanda ya kusa fitowa shi ne mugun.

Zuwa yau mun sami 41.

16 ga Fabrairu, 2025

An samu saɓani, kuma laifina ne da ban hango shi ba.

Magana ta zaga gari cewa ina ƙirga kututture ne don a kawo injin a sare su. Bayan sallar isha'i masunta wajen goma suka zo ƙofar Kawu. Babbansu ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce: "Malam, kai ɗanmu ne, ba za mu ɓoye maka ba. Itacen nan da kake kira mugu, shi ne rumbunmu."

Suka yi mini karatu. Gansakuka tana fitowa a jikin gungume, ƙwari na taruwa, ƙananan kifi su zo ci, manya su biyo su. Karfasa da kurungu da tarwaɗa a gindin itace suke fakewa. Mai gura, wato tarkon kifi, a can yake nutsa gurarsa, mai mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi, a jikin kututture yake ɗaure bakin igiyarsa. Kowane gida yana da nasa itatuwan da ya gada, wasu ma ba sa faɗa wa maƙwabci inda suke. Ga shi ni na zo zan zuba su a takarda kowa ya gani. Wani matashi ya ƙara da cewa kurmin da ke ƙarƙashin ruwa shi kaɗai ne wurin da masu jan dala ba sa iya shiga, don ragarsu za ta yage. Dala raga ce mai ƙananan ido da ake ja daga ruwa zuwa gaɓa don warangi, amma tana kwashe har 'ya'yan manyan kifi. In aka share kututture, an buɗe mata ƙofa.

Ban yi musu ba, domin gaskiya suka faɗa. Na zo da idon fasinja, su kuma da idon mai neman abinci suke kallon ruwa. Washegari muka koma gaban Sarkin Ruwa, ya yanke: taswira ta tsaya kan hanyar jiragen kasuwa kaɗai, faɗin mita ɗari dama da hagu. Duk abin da ke waje da wannan, ko na auna, in cire shi. Ba kuma za a sare ko ɗaya da sunan aikina ba sai an zauna da masu shi.

Na cire 17 a gabansu, ina karantawa suna amsawa. Ban ji daɗin asarar kwanakin da na yi a kansu ba, amma tun daga ranar masunta suka fara tare ni a kwata suna cewa akwai wani a wuri kaza, bara ya karya wa wane farfela. Cikin mako biyu sun nuna mini fiye da abin da igiyata ta gano a wata guda.

13 ga Maris, 2025

Azumi ya kai sha uku. Maganar Kawu ta tabbata, ɗakin siminti ya zama tanda, a tsakar gida nake kwana cikin gidan sauro. Fita ruwa daga bayan asuba zuwa hantsi kawai. Ruwa ya sauka mita ɗaya da 'yan kai daga fenti.

Gwajin alama na farko bai yi ba. Mun ɗaura jarkoki goma masu ruwan ɗorawa a kan kututture goma, yau saura uku. Wasu iska ta tsinke, wasu an kwance, don jarka abin amfani ce a nan. Waɗanda suka rage ma igiyarsu ta yi sako-sako da ruwa ya sauka, jarka na yawo nesa da itacen, har ta fi rashinta haɗari. Ɗan Kawu ya ba da shawara mu bari sai kawunan sun kusa fitowa, mu kafa dogayen gora a jikinsu da ƙusa da waya, mu ɗaura jan ƙyalle. Gora ba ta yawo, kuma ba mai sha'awar ɗaukarta.

27 ga Afrilu, 2025

Na je gida salla na dawo. Shekaranjiya Allah ya kiyaye mu.

Mun yi nisa da la'asar, ni da ɗan Kawu da wani yaro, a jirgi mai inji. Gabas ta yi baƙi ƙirin bayan dutse. Na ce saura ɗaya mu ƙarasa, ɗan Kawu ya ce: "Yaya, a'a, mu tafi." Na nace, muka ƙara minti goma. Wannan minti goman ne ya kusa cin mu. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska ce ke riga ruwa isowa, kuma tsakiyar tafkin nan fili ne da faɗinsa ya kai kilomita 24 a wani wurin, ba abin da ke tare ta. Kafin mu juya igiyar ruwa ta fara dukan gefen jirgi tana zubowa ciki. Yaron na kwarfe da ƙwarya, ni da roba. Ƙura da ruwa suka rufe dutse. Iska ta ture mu daga hanya, sai muka ji ƙum daga ƙasa, inji ya yi kuka ya mutu. Farfela ta daki itace.

Allah ya sa gefe muka goge shi, katako bai fashe ba. Ɗan Kawu ya laluba da filafili ya sami kan gungumen, ya zura igiya ya ɗaure mu a jikinsa, ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska. A nan muka zauna muna salati kusan awa ɗaya har ta lafa. Itacen da ya karya mana farfela shi ne ya riƙe mu.

Wayata ta tafi a cikin wannan hargitsi. Abin da na auna tun daga Maris bai kai ga kwamfuta ba, ya bi ruwa. Na Janairu da Fabrairu suna nan. Daga yau kowane kututture sai na rubuta shi da biro a littafi kafin mu matsa, littafin kuma a cikin leda biyu. Na kuma nemi gafarar ɗan Kawu a gaban mahaifinsa. A kan ruwa maganar matuƙi ita ce magana, ko da shi ne ƙarami.

26 ga Mayu, 2025

Yau shekara huɗu da hatsarin jirgin Wara. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a ruwan nan tsakanin jihar Neja da Kebbi, kaɗan ne suka tsira. An yi kwanaki ana tsamo gawa. Bayanan da suka fito a lokacin sun ɗora abin a kan lodin da ya wuce kima da tsufan jirgi. A garin nan da wuya ka shiga gida uku ba ka sami wanda ya yi rashi ko ya je jana'iza ba. Bayan sallar asuba liman ya yi musu addu'a, masallaci ya yi tsit.

Na daɗe a kwata ina kallon lodi. Taswirata ba za ta hana irin wannan ba, kuma dole in faɗa wa kaina haka. Jirgin da aka cika har ruwa ya rage taƙi ɗaya ya shiga, ko ƙaramin itace ya taɓa ya gama. Na tambayi wani matuƙi me ya sa ba ya rage mutane. Ya ce: "Alhaji, ka san kuɗin mai yanzu? In na ɗauki rabi, da me zan dawo?" Ba ƙarya ya yi ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin tafiya ɗaya ya ninka. Rigunan ruwa da aka raba suna nan rataye a rumfar 'yan kwata, wasu fasinjoji na cewa zafi, wasu na cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Inna ce ta ba wata mata amsa a gabana: "Ke da kike ɗaure akuyarki da dare, ba ki yarda da Allah ba ne?" Matar ta karɓa ta saka.

Ruwa ya sauka mita biyar da rabi. Mun sake auna waɗanda suka ɓace da waya, mun kafa gora 22.

22 ga Yuni, 2025

Gari ya canja kama. Kwata ta yi nisa, sai an taka laka tafiyar minti goma kafin a kai jirgi. Ƙasar da ruwa ya saki baƙa ce mai taushi, mutane sun bi ta da shuka, masara da wake a sama, shinkafa a gangare. Fulani sun sauko da shanu kan ciyawar burugu. Albasar Gungawa, wadda ta yi suna a kasuwar Yauri, an riga an kwashe ta tun bazara, buhunan ƙarshe ne ake lodawa.

Kututture sun fara fitowa, baƙaƙe, santsi kamar an goge su da mai, tsuntsayen ruwa a kansu suna shanya fiffike. Yanzu ne nake duba aikina da ido. Cikin waɗanda Kawu ya kira da suna a Janairu ba tare da ya gan su ba, goma sha ɗaya sun fito, ɗan Kawu ya sare ɓawo da adda muka duba: tara daidai suke da abin da ya faɗa. Marke ukun nan kuwa ga su a jere kamar an dasa.

Sarkin Ruwa ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, an kai shi Yauri an dawo da shi. Na je duba shi da kwafin taswira. Ya sa aka tashe shi zaune, ya bi layin da yatsa a hankali, ya tsaya a wani wuri da na bari fari. "Nan akwai giginya biyu, Malam. Ba su hito ba tun shekarar da ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, amma suna nan." Mun je mun ja igiya, suna nan, mita ɗaya da rabi ƙarƙashin ruwa, a tsakiyar hanya. Sau uku muka wuce wurin a Janairu ba mu same su ba.

Wannan ya sa na ƙara wani aiki a kan na farko. Duk wanda ya yi wayo kafin 1968 yanzu ya doshi saba'in ko ya wuce. Na ƙirga su a garin nan, maza da mata, goma sha huɗu ne. Kowace yamma ina zama da ɗaya, ina ɗaukar muryarsa, yana zana mini tsohon gari a ƙasa da tsinke: ina rijiya, ina maƙera, ina hanya ta bi, wane itace ne a ƙofar wa. Tsofaffin mata sun fi maza sanin kaɗanya da ɗorawa, don su suka tsinci 'ya'yansu.

2 ga Agusta, 2025

Yau shekara 57 da rufe ƙofofin madatsar Kainji. Ruwa ya sauka mita tara da 'yan kai daga fenti, kuma Kawu ya ce ba zai ƙara wani abin kirki ba, farin ruwa na hanya.

Da hantsi ya ce in zo. Muka shiga kwalekwale, muka sauka a wani tudun laka da bai fi kwana ashirin da fitowa ba, ba kuma zai ƙara ashirin ba. Kufan ƙauyensu ne. Ba bango ko ɗaya, ginin ƙasa ne, ya narke tun farko. Sai fasassun tukwane birjik, da da'irar duwatsu inda rumbuna suka zauna, da bakin rijiya cike da yashi. Kawu yana tafe yana nunawa da sanda, bai yi tuntuɓe ba: nan zaure, nan ɗakin kakarka, nan turken jaki. Ya tsaya kan wani dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa, ya ce: "A nan Yaya take niƙa. Ranar da motar gwamnati ta zo kwashe mu ta so a ɗauka, aka ce ya yi nauyi."

Na tsuguna na sa hannu cikin lotsawar. Laka ce a ciki da ƙananan katantanwa. Mahaifiyata ta sha ba ni labarin wannan gari a Birnin Kebbi, ina jin sa kamar tatsuniya. Muka yi mata addu'a tare da sauran waɗanda kaburburansu ke ƙasa da inda muke tsaye. Na so in ɗauko dutsen, Kawu ya ce in bar shi, shi ne alamar da yake gane gidan da ita duk shekara. Na auna wurin na rubuta, amma ba zai shiga taswirar kwata ba.

Inda aiki ya tsaya: kututture 78 a kan hanyar kasuwa, 49 da gora da jan ƙyalle. Mai fentin da ke rubuta sunayen jirage ya fara zana taswirar a babban allo da za a kafa a rumfar 'yan kwata, da dutse mai kai biyu da hasumiya a samanta, don matuƙa sun ce ba za su gane ta ba in babu su. Kowane itace da sunan da tsofaffi ke kiransa, da boko da ajami, da watan da yake fara zama haɗari. Matuƙa shida masu babbar waya na saka musu wuraren a ciki, saura in koya wa biyu yadda ake dubawa cikin hazo.

Cikin tsofaffi goma sha huɗu na zauna da tara. Da ruwa ya fara hawa gorar za ta nutse ɗaya bayan ɗaya, sai mu ga nawa za su kai bazara. Matuƙan wani gari a ƙetare sun aiko a tambaye ni ko zan zo nasu ɓangaren, na ce sai sun fara kai maganar gaban Sarkin Ruwansu da masuntansu. Gobe in Allah ya kai mu zan zauna da wata tsohuwa a unguwar gangare, wadda aka ce ita kaɗai ta rage da ta san inda tsohuwar hanyar kasuwa ta ratsa kurmi.